Wa'adin Mako Biyu

Azumin 1969 bai wuce mako guda da kamawa ba aka yi sanarwar. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia, wadda ko wata biyu ba ta cika a kan mulkin Gana ba, ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin kwana 14, in bai samu ba ya tattara nasa-ya-nasa ya bar ƙasar. Wa'adin zai cika ranar 2 ga Disamba, ana cikin goman ƙarshe.

Wanda bai san zango ba zai ce ai magana ce mai sauƙi, mai takarda ya zauna, marar takarda ya kama hanya. To, a zangunan Kumasi da Akra da Tamale da Sekondi, mai takardar ne abin nema. Ga tsohon da ya zo tun yana saurayi a bayan jakunan fatake, zamanin da babu wata ƙasa mai suna Gana. Ga ɗansa da aka yanke wa cibi a Kumasi, yana jin harshen Tonawa kamar a cikinsu aka haife shi, bai san ganuwar Kano ba sai a bakin ubansa. Ga jika yana zuwa makarantar gwamnati da safe, ya ɗauki allo da yamma. Wane ne baƙo a cikin ukun nan? Sanarwar ba ta tsaya bambancewa ba, ɗan sandan da aka turo kasuwa kuwa da riga da hula yake gane mutane.

Hanyar Gwanja tsohuwa ce. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun daɗe suna haɗa ayari daga ƙasar Kano da Katsina, da madugu da jagaba, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Su kai kanwa da baƙin rini da jima, su juyo da huhunan goro. Tafiya ce ta watanni, kuma ba kowa ke komawa ba. Wani ya yi aure, wani bashi ya riƙe shi, wani malami ne ya sami almajirai. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar garin na 1892 kuma ya ƙarasa watsa mutanenta zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. A Kete Karachi ɗin ne Imam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Turawa ma sun ƙara nasu, don da Hausawa da masu jin Hausa suka cika rundunarsu, kuma soja idan ya ajiye kaki zango yake nufa.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne yadda baƙo yake samun gindin zama a wancan lokaci. Idan ya iso gari ba ofis yake tambaya ba, mai gida yake tambaya. Mai gida shi ne wanda ya riga shi zuwa, ya yi gida mai ɗakuna da yawa, ya yi suna. Zai ba shi ɗaki da tuwon dare, ya ajiye masa kayansa da kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Idan an sayi shanunsa bashi, mai gida ne ke tsaya masa lamuni, in mai saye ya ci amana shi zai biya daga aljihunsa, don in ya bari labari ya koma Arewa cewa an cuci baƙo a gidan wane, shi ke nan gidan ya mutu. Idan baƙo ya yi rigima da ɗan gari, mai gida ya kai shi wurin Sarkin Zango, Sarkin Zango ya shiga tsakani da sarkin ƙasa ko da Bature. Idan ya kwanta ciwo matan gidan ne ke dama masa kunu. Idan ta Allah ta kasance a yi masa sutura, a ƙirga abin da ya bari a gaban liman da shaidu, a ba wani amintacce mai komawa gida ya kai wa magada. Duk wannan ba a rubuce yake a kundin wata gwamnati ba, amma ya ɗauki mutane fiye da shekara ɗari.

Kada a ɗauka aljanna ce. Mai gida yana cin la'adarsa, wani ma har da ƙari a ɓoye, kuma a kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane. Sai dai a tsarin nan haƙƙin baƙo yana rataye ne a kan wanda ya san shi, kuma talaka ma yana da wanda ya san shi.

Koko da ma'adinai suka zo suka buɗe ƙofar gaba ɗaya. 'Yan Moshi daga ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau suka cika gonakin koko da ƙwadago. Zabarmawa daga Nijar suka riƙa zuwa cin rani, suna dako a kasuwanni, masu ɗan jari su kasa yadi. Yarabawan Ogbomosho da Shaki da Igboho suka kafa tebura a kowace kasuwa har ƙauyukan Arewa. Hausawa suka riƙe goro da shanu da fawa da malanta. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun haura 800,000, wajen kashi 12 cikin ɗari na mutanen ƙasar, 'yan asalin Najeriya a cikinsu kimanin 190,000. Waɗanda ba a nan aka haife su ba, kusan dukkansu da ƙafa ko a bayan babbar mota suka shigo, babu wanda ya tambaye su komai a kan iyaka, domin hannunsu ake bukata.

Alamar cewa zamani ya juya ta bayyana tun kafin Busia da shekara 12. Ko wata shida ba a yi da samun 'yanci ba a 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah ta ba da umarnin fitar da manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, waɗanda ke tare da 'yan hamayya. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, kuma doka ba ta yarda a kori ɗan ƙasa ba. Ana cikin shari'ar majalisa ta zauna ta yi wata doka ta musamman da sunayen mutum biyun nan a kanta, ta kashe ƙarar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. Mutanen zango sun kalli abin a matsayin rigimar siyasa, ta manya. Ni kuwa a ganina ranar ce aka gaya musu, ba su ji ba, cewa ko babba a zango ba shi da mai tsaya masa lamuni a gaban sabuwar hukuma.

Dokar zama ɗan ƙasa ita ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta 1957 ta ce haihuwa a ƙasar ba ta isa ba, sai an sami wani cikin iyaye ko kakanni da shi ma a nan aka haife shi. Sojojin da suka tumɓuke Nkrumah suka yi doka a 1967 cewa haihuwar ta isa, kafin su sauka a 1969 kuma suka janye ta. Mutum yana zaune a rumfarsa yana yanka nama, an mai da shi ɗan ƙasa, an kuma tuɓe shi, duk bai sani ba. Dokar baƙi ta 1963 da ta wajabta izinin zama tana nan tun tuni, babu mai aiki da ita. Abin da Busia ya yi kawai shi ne ya ce a bi ta, kuma a bi ta cikin mako biyu.

Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne. Farashin koko ya faɗi warwas a tsakiyar shekarun 1960, bashin waje ya yi wa ƙasar katutu, samari sun gama makaranta babu aiki. 'Yan kasuwar ƙasa, waɗanda da yawansu suka mara wa jam'iyyarsa baya a zaɓen Agustan 1969, suna hangen rumfunan Yarabawa a babbar kasuwar Kumasi da ta Makola a Akra. Aka ce baƙi ne ɓarayi, baƙi ne ke fasa-ƙwaurin lu'ulu'u daga Akwatiya. A cikin dubban ɗaruruwan mutane ba za a rasa ɓarawo ba. Amma sanarwar ba ta nemi ɓarawo ba, marar takarda ta nema, kuma babban ɗan fasa-ƙwauri shi ne mutum na farko da zai mallaki fasfo.

Don a ba ka izinin zama sai ka nuna fasfon ƙasarka. Don ka sami fasfo sai ka je ofishin jakadancinku a Akra, inda 'yan ma'aikata ƙalilan ke fuskantar layin da ba a ganin ƙarshensa. Najeriya kuma tana cikin yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai Janairun 1970. Mai gonar da ke wani ƙauye a Ahafo, da kuɗin mota ma sai ya yi tunani, ta ina zai fara? Yawancin mutane ba su ma gwada ba. Suka shiga sayar da abin da ba ya ɗaukuwa. Keken ɗinki da gadon ƙarfe da kwanukan jere na uwargida, waɗanda aka tara ɗaya bayan ɗaya tun ranar aure, aka baje su a ƙofar gida, mai saye ya san gobe za ka tafi, don haka shi ke yanka farashi. Wanda ke bin mutane bashi ya yafe ba don Allah ba. Kuɗin mota ya ninka. A tashoshi da kan iyakar Aflawo mutane suka yi kwanaki a fili, da tsofaffi da masu ciki da jarirai, masu azumi suna shan ruwa da abin da ya samu. An haihu a hanya, an kuma mutu a hanya. Wani ƙiyasi ya ce mutum wajen 200,000 ne suka fita cikin 'yan watannin farko, wasu kuma suna ninka wannan adadi.

A nan ne tsohon tsarin zango ya yi aikinsa na ƙarshe mai girma. Ƙungiyoyin garuruwa na Yarabawa suka riƙa haɗa kuɗi suna ɗaukar shatar manyan motoci, kowace mota ta nufi garinsu kai tsaye, kuma su ne suka fi kowa tafiya, har unguwanninsu suka zama kufai. Hausawa da sauran Musulmin zango suka fi karkata ga amana. Mai tafiya ya kira maƙwabcinsa Badagombe ko wani da uwarsa 'yar ƙasa ce, a gaban liman, ya danƙa masa gida da rumfa, a kan ya riƙa karɓar haya har Allah Ya sa a dawo. Yaran da ke tsakiyar karatu aka bar su a gidajen malamansu. Matar da take 'yar ƙasa ta zauna da 'ya'ya, miji ya tafi, da niyyar in ƙura ta lafa ya komo. Wasu kuma suka sauya asali cikin dare: wanda kakansa ya fito daga hayin iyakar Faransa ya wayi gari ɗan wata ƙabila ta Arewacin Gana, maƙwabta sun sani, suka yi shiru. Har yau a zango ana ba da labarin wanda ya riƙe amanar gida shekara da shekaru ya miƙa ta da kuɗin hayarta cif, ana kuma nuna gidan da aka cinye.

Sai dai duk wannan taimako na rage zafi ne. Maƙwabci ya iya ɓoye ka a ɗaki, bai iya hana ɗan sanda kama ka a kasuwa ba. Sarakunan zango da a dā kalmarsu ke fid da mutum daga hannun hukuma, yanzu su ma ana tambayar tasu takardar. Hatta 'yan Arewacin Gana na asali, Dagombawa da Farafara da sauransu, sun sha tsangwama a Kudu saboda kamanninsu da suturarsu. Waɗanda doka ta yi wa rana su ne waɗanda suka iya zuwa gabanta da lauya. Wasu 'yan'uwa masu suna Shalabi, 'yan asalin Labanan da aka haifa a ƙasar, masu harkar sufuri, sun kai gwamnati ƙara a farkon shekarun 1970, kotu ta ce zama ɗan ƙasa da dokar 1967 ta ba su ba ya ƙwatuwa ta bayan fage. Hukunci ne mai kyau, kuma hujjarsa ta hau kan dubban 'ya'yan zango da aka haifa a ƙasar. Amma kafin a yanke shi da yawansu suna Ogbomosho ko Kano ko Dosso, suna koyon zama a garin da aka ce musu nasu ne.

Ribar da aka yi hange ba ta zo ba. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'i da kasuwanci ga 'yan ƙasa, rumfuna suka koma hannun sababbin masu su, amma jarin da hanyoyin saro kaya sun bi masu su sun tafi. Manoman koko suka rasa 'yan ƙwadago, har gwamnati ta koma tana sassauta wa ma'aikatan gona. Ranar 13 ga Janairun 1972 Kanar Acheampong ya kifar da Busia.

Da labarin ya tsaya a nan da mun ji daɗin ba da shi, mu ne waɗanda aka zalunta. Amma shekara 13 da 'yan watanni bayan sanarwar Busia, ranar 17 ga Janairun 1983, ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda wa'adin barin Najeriya. Mako biyu shi ma, sai ƙwararrun ma'aikata da aka ƙara wa zuwa ƙarshen Fabrairu. Kuɗin man fetur ne ya jawo su a shekarun 1970, lokacin da Gana ta durƙushe: magina da teloli da masu gyaran takalma, da malaman makaranta waɗanda duk wanda ya yi sakandare a Arewa a lokacin zai tuna da su. Da farashin mai ya faɗi, zaɓe kuma ya ƙarato, sai aka tuna baƙi ne. Aka kawo rikicin Maitatsine na Kano na Disambar 1980, aka ce ai Muhammadu Marwa daga Kamaru ya zo, kamar dai malamin lissafi daga Kumasi yana da hannu a abin da ya faru a 'Yan Awaki. Mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Gwamnatin Rawlings ta Gana ta rufe iyakokinta tun watannin baya, saboda haka suka taru a Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa, ba gaba ba baya, har aka buɗe. Suka isa gida a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Abin da ya ba masu agaji na duniya mamaki shi ne yadda cikin ɗan lokaci taron ya narke, dangi da ƙauyuka suka kwashe mutanensu. Jakar leda mai gidan dara da suka zuba kaya a ciki kuwa ta sami sunan da muke kiranta da shi har yau, Gana-mas-go, muna kai ta kasuwa muna zuba kayan lefe, ba tare da mun tuna komai ba.

Ana yawan cewa ramuwar gayya ce. Ban yarda ba. Ramuwa tana bukatar a tuna, mu kuwa mantawa muka yi. Kuma wannan karon akwai dokoki a rubuce: Najeriya ce kan gaba wajen kafa ECOWAS a Legas a 1975, ta sa hannu a yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 babu biza. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam ta 1981 ta haramta korar baƙi jumla, kuma a cikin 1983 ɗin nan Najeriya ta amince da ita. Gwamnati ta ce ai sun wuce kwana 90, kuma da gaskiyarta a kan takarda. A 1985 gwamnatin Buhari ta maimaita. A Arewa abin ya zo da wani salo, don babu jami'in da zai iya tsayawa a kasuwar Jibiya ya ware Bamaraɗe daga Bakatsine. 'Yan Nijar da yawa sun tafi, wasu kuma unguwa ta rufa musu asiri, mai shayi ya zama ɗan wan mai gida na 'yan makonni.

Akwai shari'a ɗaya tamu da ta cancanci a ajiye ta kusa da ta Amadu Baba. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta saurari shaidu a kan asalin mahaifiyarsa, ta ce ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta sa a biya shi diyya, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. Wannan karon ba a yi wata doka ta dare ɗaya an kashe ƙarar ba, kuma ci gaba ne na gaske. Amma Shugaba yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Bayan shekara uku, masu gadi da 'yan ga-ruwa ba su sami ko mai rubuta sunayensu ba.

Zangunan Gana sun farfaɗo. Da yawa cikin waɗanda suka tafi sun lallaɓo sun dawo bayan faɗuwar Busia, kuma darasin ya shige su: suka sa 'ya'ya a boko, suka yi rajistar haihuwa, suka shiga siyasa da ƙuri'arsu. Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zangon Akra ne, kuma babu ɗan takarar shugabanci da ke tsallake gidansa. A 2017 majalisa ta kafa asusu na musamman don raya zanguna. Duk da haka, duk lokacin da aka zo rajistar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, mai suna Garba ko Fulani makiyayi ya san za a yi masa tambayar da ba a yi wa na gabansa a layi ba. Dokar zuba jari ta 2013 ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1, kuma da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020.

A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanensu, a bar su su yi zirga-zirga da zama kamar dā, har zuwa wata sanarwa. A kan wannan jimla ce manyan motocin albasa ke tasowa daga Galmi, su ratsa zuwa Kumasi da kasuwar Adjen Kotoku a bayan Akra, inda aka mai da 'yan albasa a 2021. Direba da yaran mota da mai kaya kowa da katinsa a aljihu yanzu, amma idan sun isa, wurin mai gida suke sauka, shi ke karɓar buhunan, ya sayar, ya bi bashin.